Hular kwano mara ƙara kuma mai daɗin sawa: wacce ta dace da kanka da irin tafiyarka?

Mai babur da ya tashi sayen hular kwano yakan tsinci kansa tsakanin buƙatu biyu da ba sa ga-maciji da juna. Yana son hular da za ta rage masa rugugin iska a kunne, yana kuma son wadda ba za ta dafa masa kai ba a zafin Afrilu. Wadda ta rufe ruf ta fi shiru amma ta fi zafi, wadda iska ke ratsawa ta fi sanyi amma ta fi ƙara. Babu hular da ta haɗa duka biyun cif-cif, ko nawa aka saye ta. Abin da ya rage shi ne mutum ya san wanne zai iya haƙura da shi, kuma wannan ya danganta da irin tafiyar da yake yi: cikin gari ne da tsaye-tsaye, ko doguwar hanya irin ta Kano zuwa Zariya ko Maraɗi zuwa Damagaram.

Ma'aunan da za a duba

Na farko kariya, domin ita ce dalilin sa hular tun asali. Nazarin da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 42 cikin 100, ta rage haɗarin rauni a kai da wajen kashi 69. Amma wannan lissafi na hular gaske ne, mai kwano mai ƙwari a waje da farin soso mai kauri a ciki, irin wanda ake tarar da shi a kwalin sabuwar talabijin sai dai ya fi shi tauri. Soson nan, wanda ake kira EPS, shi ke murƙushewa ya shanye bugun kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Hular da ba ta da shi, ko wadda nata siriri ne sosai, ado ce kawai.

Hanyar ganewa ita ce tambarin gwaji. Na Turai, ECE, ana ɗinke shi a jikin maɗaurin haɓa: harafin E da lamba a cikin da'ira, lambar tana nuna ƙasar da ta amince da hular. E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya, E11 Birtaniya. A gefensa akwai jerin lambobi da ke farawa da 05 ko 06. Mai 06 shi ne sabon ma'auni, ECE 22.06, wanda ya ƙara wuraren da ake bugawa a gwaji, ya kuma ƙara gwajin bugun karkace da ke murɗa kai. DOT na Amurka ne, sai dai kamfani ne ke shaidar kansa ya manna, hukuma ta biyo baya da bincike jefi-jefi, shi ya sa ya fi kowanne sauƙin jabu. ISI na Indiya ne, ana ganinsa a hulunan Studds da Steelbird da Vega. In ka ga tambari na leda da aka liƙa a ƙeya kawai, babu komai a maɗauri, to ka yi hattara.

Na biyu ƙara. Mutane da yawa suna zaton injin ne ke cika musu kunne. A ƙaramin gudu haka ne, amma daga wajen kilomita 60 a awa zuwa sama iska ce ke karɓe fagen. A kilomita 100 a awa ƙarar da ke cikin hula takan kai desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 95 ko ta haura. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 kuwa minti 15 kacal. Wannan kukan da kunne ke yi bayan an sauka daga doguwar tafiya, alama ce ta cewa an wuce ƙima, kuma jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa.

Ƙarar tana shiga ne galibi ta ƙasa, ta tsakanin wuya da bakin hular. Kana iya tabbatar da haka da kanka: a hanyar da babu kowa, ka ɗage kafaɗunka su toshe ƙasan hular na ɗan lokaci, za ka ji rugugin ya faɗi. Don haka abin dubawa shi ne soson da ya zagaye wuya, da ɗan labulen da ke ƙarƙashin haɓa, da robar da gilashi ke kwanciya a kanta. Bayan su sai siffar kwanon: duk abin da ya turo waje, ko ƙahon ado ne ko murfin tagar iska, wurin haddasa fito ne.

Na uku zaman hular a kai. Wannan shi ne ma'aunin da aka fi wasa da shi, alhali shi ke riƙe da sauran. Hular da ta yi maka yawa tana barin iska ta shiga ta ko'ina, tana rawa in an ci gudu, kuma tana iya ficewa a lokacin faɗuwa. Ka samu tef ɗin tela ka auna kanka ta saman gira da kamar yatsa ɗaya, ka zagayo ta tudun ƙeya. Santimita 55 zuwa 56 yawanci S ne, 57 zuwa 58 M, 59 zuwa 60 L, 61 zuwa 62 XL. Sai dai lamba ba ta gama magana, domin kawuna sun bambanta: wani zagayayye, wani mai tsawo daga goshi zuwa ƙeya. Mai dogon kai in ya sa hular zagayayyen kai, goshinsa zai yi ja ya riƙa zugi, gefe da gefe kuma a sake. Shi ya sa sayen hula ta intanet ba tare da an taɓa gwada irinta ba caca ce.

A shago ka sa ta, ka ɗaure maɗaurin yadda yatsa ɗaya ko biyu ne kawai za su shiga, ka zauna da ita minti 15 zuwa 20 ko da mai shago zai riƙa kallonka. Ya kamata ta matse kumatu har ka ji kamar za ka ciji cikin bakinka in kana magana, domin soson kumatu yana saki bayan 'yan makonni. Matsi a kumatu daidai ne, zugi a wuri ɗaya a goshi ko saman kunne kuwa ba ya warkewa, sai dai ya ƙaru. Ka kama ta da hannu biyu ka juya hagu da dama: fatar fuskarka ta bi ta. Sannan ka sunkuyar da kai, wani ya kama ta ta ƙeya ya yi ƙoƙarin tuɓe ta ta gaba. In ta fita, ba taka ba ce. Mai sa tabarau ya tafi da shi wurin gwaji, mace kuma ta gwada da irin kitso da ɗankwalin da ta saba fita da su, ba da tulin gashi a ƙeya ba.

Na huɗu zafi da nauyi, na biyar kuɗi da ƙarko. Waɗannan za su fi fitowa fili in an ɗauki hulunan ɗaya bayan ɗaya.

Mai rufe fuska gaba ɗaya

Ita ce kwano guda daga ƙeya har haɓa, gilashi ne kawai ke ɗagawa. A kariya babu na biyunta. Binciken haɗurra da Dietmar Otte ya yi a Hanoba ta ƙasar Jamus ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na bugun da hula ke sha yana sauka ne a yankin haɓa da muƙamuƙi, wurin da buɗaɗɗiyar hula ba ta rufewa sam. A shiru ma ita ce ke da sauƙin cin nasara, tunda babu mahaɗa ko makulli a gefen kunne da iska za ta bi. Nauyinta yawanci kilo 1.4 zuwa 1.6 ne.

Matsalarta rana. A cunkoson Kano ko Yamai da tsakar rana, lokacin da zafi ya haura digiri 40 kuma babur ba ya tafiya, tagogin iskarta ba sa aikin komai, domin sai ana gudu iska ke shiga. Gumi zai sauko ido, numfashi ya yi nauyi, kuma a nan ne da yawa ke cire ta su rataye a hannun babur. Da damina ko sanyin asuba kuma gilashinta yana yin hazo daga numfashi. Maganinsa wani siririn gilashi ne da ake ƙarawa ta ciki, Pinlock, don haka ka duba ko gilashin yana da 'yan maɓallai biyu a gefe da ake maƙala shi.

A farashi tana da faɗi. Masu kwanon roba mai tauri, ABS ko polikabonet, daga kamfanoni irin LS2 da MT da HJC, suna farawa daga wajen dala 100 a kasuwannin Turai da Amurka. Masu zaren gilashi daga Shoei da Arai na Japan sukan haura dala 500. Bambancin kuɗin ba ya nufin kariya ta ninka sau biyar. Abin da kake saya da ƙarin shi ne sauƙin nauyi, laushin ciki, gilashin da ke rufewa tsaf, da kwanon da aka yi shi girma-girma maimakon kwano ɗaya da aka cika da soso don ya dace da kowa. Shirin SHARP na gwamnatin Birtaniya, wanda ya fara a 2007 yana ba huluna tauraro 1 zuwa 5, ya sha nuna masu araha da suka samu tauraro huɗu ko biyar.

Mai ɗaga haɓa

Wannan kamar ta farko take in an rufe, amma gaban gaba ɗaya yana ɗagawa sama da danna maɓalli. Ga wanda ke tsayawa sau da yawa, ko a shingen bincike, ko gidan mai, ko don gaisawa, daɗinta ba ya misaltuwa: ka ɗaga, ka sha ruwa, ka yi magana, a ga fuskarka, ba sai ka kwance maɗauri ba. Masu tabarau ma sun fi son ta.

Abin mamaki game da ita shi ne, a nan ake samun hulunan da suka fi suna wajen shiru, a nan kuma ake samun waɗanda suka fi kowa ƙara. Dalili shi ne, tunda gaban yana buɗewa, ana iya matse bakin wuyanta sosai fiye da na mai rufe fuska, wadda dole a bar wa kai hanyar shiga. Kamfanin Schuberth na Magdeburg a Jamus, mai ɗakin gwajin iska na kansa, ya gina sunansa a kan wannan. Yana cewa hularsa C5 tana ba da desibel 85 a kilomita 100 a awa a kan babur mara gilashin gaba. Alƙaluman kamfani ne, a ɗakin gwaji, amma ko a bakin masu doguwar tafiya ita da Neotec ta Shoei ne ake yawan ambata. Sai dai kuɗinsu yana kaiwa dala 700 zuwa sama. Mai ɗaga haɓa ta araha kuwa, mahaɗarta tana daidai saitin kunne, kuma in ba a ƙera ta da kyau ba iska na busa ta wurin kamar sarewa.

Ta fi nauyi, kilo 1.6 zuwa 1.8, kuma wuya yana sanin bambancin bayan awa biyu. Ƙarkonta ya rataya a kan makulli, ƙurar hunturu kuwa ba ta raga wa makulli. Ka duba ƙugiyoyin ciki: na ƙarfe ne ko na roba? Ka rufe ka ja da ƙarfi ka ji ko tana motsi. Sannan ka duba haruffan da ke ƙarshen lambar ECE. P/J na nufin an gwada ta a rufe da a buɗe, kana iya tafiya da ita a ɗage. P kaɗai na nufin sai a rufe. NP na nufin haɓar ba ta da kariya. Arai, a nasu ra'ayin, ba sa ƙera irin wannan hula ko kaɗan.

Mai buɗaɗɗiyar fuska

Tana rufe kai da kunnuwa da ƙeya, fuska a waje, wani lokaci da dogon gilashi. Ita ce ta fi sanyi, ta fi sauƙin nauyi, kilo 1 zuwa 1.3, ta fi ba ido fili, kuma ta fi araha. A gudun cikin gari, ƙasa da kilomita 50 a awa, ƙararta ba abin damuwa ba ce, hasalima jin ham da kiran mutane ya fi sauƙi. Da an hau babbar hanya labari ya canza: iska na shiga ta ƙarƙashin gilashin ta ɗaga hular, ƙura da ƙwari da tsakuwa su samu fuska. Haɓa da haƙora kuwa ba su da mai kare su. Harafinta a tambarin ECE shi ne J.

Mai rumfa a goshi

An yi ta ne don hanyar burji da daji: doguwar haɓa mai faɗin tagar iska, da rumfa da ke tare rana. Tana shan iska sosai, kuma ga mai bin hanyoyin karkara a ƙaramin gudu tana da amfani ƙwarai, musamman in rana ta karkata tana dukan ido. A kwalta da gudu kuwa rumfar tana kama iska ta riƙa fizgar kai, ƙarar ma ta ƙaru. A yawancinsu ana iya kwance rumfar. In shiru kake nema, ba nan za ka fara ba.

Rabin kwano da ke tsayawa a saman kunne, da hular magina da ake gani a kan wasu 'yan acaba, ba su shiga wannan lissafi ba. Lokacin da aka fara tilasta dokar hular kwano a Najeriya a Janairun 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa don kauce wa jami'an kiyaye haɗurra, aka yi ta dariya. Hular magina a kan babur ba ta fi ƙwaryar da wani abin kirki ba: an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba don kan da zai bugi kwalta ba.

| Irin hula | Shiru | Sanyi | Kariya | Nauyi | Farashi | Inda takan lalace |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Mai rufe fuska | Sosai | Kaɗan | Mafi girma | Kilo 1.4–1.6 | Daga matsakaici zuwa tsada | Gilashi da robarsa |
| Mai ɗaga haɓa, mai tsada | Sosai ƙwarai | Matsakaici | Babba in a rufe | Kilo 1.6–1.8 | Tsada | Makulli |
| Mai ɗaga haɓa, mai araha | Kaɗan | Matsakaici | Ya danganta da makulli | Kilo 1.6–1.8 | Matsakaici | Makulli da mahaɗa |
| Buɗaɗɗiyar fuska | Kaɗan in da gudu | Sosai | Babu a haɓa | Kilo 1–1.3 | Araha | Gilashi |
| Mai rumfa | Kaɗan | Sosai | Babba | Kilo 1.5–1.7 | Matsakaici zuwa tsada | Ƙusoshin rumfa |

Abubuwan da suka fi sunan kamfani tasiri

Abin toshe kunne. Ko hula mafi shiru ba ta rage ƙara kamar yadda ɗan soson kunne na kuɗi kaɗan ke ragewa, wato desibel 20 zuwa 30 in an sa shi daidai: a murza shi ya sirance, a ja kunne sama, a tura, a riƙe har ya kumbura. Ana samunsa a shagunan kayan kariyar ma'aikata da wasu manyan kantunan magani. Masu tsoron kada su daina jin ham su kwantar da hankali, ana jin ham da jiniya, rugugin iskar da ke danne su ne ke raguwa. A ganina hular dala 120 da ta zauna daidai, haɗe da soson kunne, ta fi hular dala 700 da ta yi wa mutum yawa. A cikin gari ba lallai ba ne. Na doguwar hanya ne.

Gilashin gaban babur ma yana da hannu. In tsayinsa ya sa iskar da ya karkatar tana dukan wuya ko ƙasan hula, ƙarar za ta fi ta babur mara gilashi. Masu ƙananan babura irin Boxer da Jincheng ba su da wannan damuwa, iskar da ke zuwa musu miƙaƙƙiya ce.

Ciki mai cirewa a wanke. A ƙasar gumi da ƙura wannan ba ƙawa ba ne. Hular da ba a iya wanke cikinta, wata uku sun isa ta fara wari, ta fito wa mutum da ƙuraje a goshi. Siririyar hular auduga a ƙarƙashi tana taimakawa, amma ba kube ko zanna-bukar ba, su a sa su a jaka. Launi kuma, fari ko mai haske ya fi: direbobi sun fi hango shi, wani nazari a Niyu Zilan da aka buga a 2004 ya samu masu farar hular kwano da ƙarancin haɗari da kashi 24 cikin 100 a kan masu baƙa. Baƙin gilashi kuwa na rana ne kawai. Wanda ke kai dare ya nemi farin gilashi mai ƙaramin baƙi na ciki da ake saukewa.

Gwanjo akwai jan hankali, domin ana iya tsintar babban suna a farashin banza. Haɗarin shi ne farin soson EPS sau ɗaya yake aiki. Hular da ta taɓa shan bugu da kai a cikinta tana iya zama lafiya lau a ido alhali soson ya riga ya murƙushe a wurin. Ga kuma shekaru: masu ƙerawa da gidauniyar Snell ta Amurka, mai gwajin hulunan kwano, suna ba da shawarar sauya hula bayan kamar shekara 5 ana amfani da ita. Ranar ƙira tana ƙarƙashin soson ciki ko a maɗauri. In dole sai gwanjo, a cire cikin a duba farin soson da fitila, a nemi tsagewa ko lotsawa. Taka ta kanka ma, kada ka riƙa rataye ta a kan madubi, bakinsa yana cin soson, kada kuma ka ajiye ta a kan tanki inda tururin fetur ke tashi.

Wa ya kamata ya sayi wacce

Mai doguwar tafiya a kwalta, awa ɗaya ko fiye a gudun da ya haura kilomita 80: mai rufe fuska gaba ɗaya, mai labulen haɓa da tambarin ECE, fara in an samu, da soson kunne a aljihu. In aljihu ya yi nauyi kuma ana yawan tsayawa a shingaye, mai ɗaga haɓa ta manyan kamfanoni.

Ɗan acaba ko ɗan kabu-kabu ko mai kai saƙo, wanda ke yini a rana yana magana da mutane: mai ɗaga haɓa ta matsakaicin farashi mai P/J da makullin ƙarfe. Ƙararta ba za ta dame shi ba tunda ba ya cin gudu. In nauyinta ko zafinta zai sa ya riƙa cirewa, gara buɗaɗɗiyar fuska mai tambarin gaske da zai yini da ita a ɗaure.

Ma'aikaci ko ɗalibi mai zuwa da dawowa, safe da yamma, rabi gari rabi babbar hanya: mai rufe fuska ta dala 100 zuwa 150, mai manyan tagogin iska da ciki mai wankuwa. A nan kuɗi ya fi yin aiki.

Malamin gona, ma'aikacin rigakafi, ko duk mai bin hanyar burji: mai rumfa, da tabarau mai roba da ke hana ƙura in hular tana karɓarsa.

Wanda kunnensa ya riga ya fara kuka ko jinsa ya ragu: mai rufe fuska da ta matse wuya sosai, soson kunne a duk tafiyar da ta wuce minti 20 a babbar hanya, sannan ya je asibiti a auna masa ji.